Ta yaya ake gane gidan jinya mai kula da marasa lafiya da gaske?

Auta_Ta_Baba
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Mahaifinmu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki sati biyar da suka wuce, ɓangaren hagu. Alhamdulillahi ya fita daga hatsari, yana magana, yana gane kowa, amma ba ya iya tashi zaune shi kaɗai, kuma in ya sha ruwa yakan ƙware. Likitoci sun ce aikin asibiti ya ƙare, abin da ya rage a kai shi gidan jinya inda ake gashi da koya wa mutum tafiya, ya yi wata biyu ko uku kafin ya dawo gida.

Gida biyu na je na gani. Na farko sabo ne fil, ko'ina ƙal-ƙal, ga ƙamshi, ga talabijin a kowane ɗaki, wadda ta zagaya da ni kuwa bakinta kamar zuma. Na biyun tsohon gini ne, fenti duk ya koɗe, wadda ta karɓe ni ma sau biyu tana barina a tsaye ta tafi amsa ƙararrawa. Yayana ya ce na farkon za a kai shi, ba sai an tsaya dogon tunani ba. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya, na kuma kasa faɗa masa dalili. Don Allah waɗanda suka san harkar nan, me ake dubawa? Ta ina ake gane inda za a kula da mutum da inda za a ajiye shi kawai?

Uwar_Biyu
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai abin da na fara lura da shi a labarinki shi ne matar da ta bar ki a tsaye ta je amsa ƙararrawa. Ke baƙuwa ce mai kawo kuɗi, amma ta zaɓi wanda ke kwance. Kada ki raina wannan.

Kawu_Mai_Gardama
Ko kuma alama ce ta ba su da ma'aikata, har wadda ke karɓar baƙi ita ce ke amsa ƙararrawa. Kun ga yadda abu ɗaya ke da fuska biyu? Ku daina yanke hukunci da tausayi.

Nas_Ta_Dare
Allah ya ba shi lafiya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya, shida daga ciki a irin waɗannan gidaje, yawanci kuma dutin dare. Ƙanwata, ziyarar da aka shirya miki ba ziyara ba ce. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ranar Talata kowane gida aljanna ne: an yi wa kowa wanka, an canza zanin gado, shugabar ma'aikata tana nan, kowa yana kaffa-kaffa. Ki koma ba tare da kin sanar ba. Ki je da magariba, ki je ranar Asabar ko Lahadi, ki je lokacin cin abinci. In suka hana ki shiga don ba ki yi waya ba, kin riga kin samu rabin amsarki.

In kin shiga, ki samu kujera a baranda ki zauna minti ashirin, ki yi shiru. Ki saurari ƙararrawa. In ta yi ƙara, ki duba agogonki ki ga minti nawa kafin wani ya leƙa. Mutumin da ya danna ƙararrawa don fitsari ya matse shi ba ya iya jiran rabin awa. Abu biyu ne zai faru: ko ya sake a kwance, ko ya yunƙura ya tashi da kansa ya faɗi. Yawancin faɗuwar da na gani a rayuwata ta aiki, a hanyar banɗaki ta faru.

Sannan ki tambaya kai tsaye: da dare mutum nawa ke kan ma'aikaci ɗaya, kuma akwai cikakkiyar nas a cikin ginin har gari ya waye, ko sai an kira ta a waya? Kada ki yarda da "muna da isassun ma'aikata". Ki ce lamba kike so.

Maganar ƙamshi kuma, ni ƙamshi mai ƙarfi tsoro yake ba ni. Wari na ɗan lokaci a ƙofar ɗaki ɗaya ba komai ba ne, wataƙila yanzu ake canza wa wani. Amma zarnin fitsari da ya kama labule da katifa, an bi shi da turare, wannan ya kwana biyu.

Auta_Ta_Baba
Anti, na gode ƙwarai. Wallahi da safe na je duka biyun, kuma sai da na yi waya. Ban ma yi tunanin dare ba.

Dan_Fisiyo
Allah ya ƙara afuwa. Bari in shigo ta ɓangarena, don na ga kamar za a manta da dalilin kai shi. Ba ajiya za a kai Baba ba, gashi za a kai shi. Bayan shanyewar ɓarin jiki, watanni ukun farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa. Ana ci gaba da samun sauƙi bayan haka, amma a hankali. Ke yanzu sati biyar sun riga sun tafi. Duk satin da ya yi a kwance yana kallon talabijin, an ci masa bashin da ba lallai a biya ba.

Don haka ki tambaye su: sau nawa a sati ake gashi, minti nawa kowane zama, kuma wane ne ke yi, ƙwararre ne ko wanda aka nuna wa? Don ki samu ma'auni, hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, a da tana cewa aƙalla minti 45 na kowane irin gashin da mutum ke buƙata, kwana biyar a sati. A 2023 suka ɗaga shi zuwa aƙalla awa uku a rana in an haɗa duka, kwana biyar a sati, ga wanda jikinsa zai ɗauka. Ba kowane gida ne zai kai nan ba, ni ma na sani. Amma in aka ce miki "mai gashi yana zuwa sau ɗaya a sati", wannan gidan kwana ne.

Abu na biyu, ki ce su nuna miki da me suke auna ci gaba. Akwai ma'aunin Barthel, tun 1965 ake amfani da shi. Abubuwa goma yake dubawa: cin abinci, wanka, gyaran jiki, sa tufafi, riƙe bayan gida, riƙe fitsari, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, da hawa matakala. Maki daga 0 zuwa 100. In sun auna shi ranar da ya shiga, suka sake bayan sati biyu, za ki ga ko ana tafiya ko ana tsaye. Gidan da amsarsa kullum "ai da sauƙi" ce, ba takarda, ba lamba, ba ki da abin kamawa.

Na ƙarshe, ki kalli yadda suke ɗaga mutum. In kika ga an kama hannun da ya shanye an ja, ki fita da mahaifinki. Kafaɗar wannan ɓangaren ba ta da ƙarfin tsokar da zai riƙe ta, jan ta yana iya gocar da ita, kuma ciwon yakan daɗe har ya hana gashin kansa.

Gwaggo_Shiru
Ɗiyata, ni ban san lambobi ba. Mijina na yi wa jinya shekara uku, ya yi wata biyar a irin gidan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da zan ce miki, ki ɗaga bargo. Fuska za a wanke, a shafa mata mai, a sa masa riga mai kyau ranar da aka san za ki zo. Ki duba dunduniya, ki duba ƙasan baya wajen ƙashin zama, ki duba ƙugu. Ki buɗe hannun da ya shanye ki sunsuna tafin. Ki duba farce, ki duba cikin baki. A nan gaskiyar gida take. Ni sai da gyambo ya kai girman tafin hannu a bayansa na sani, don kunya ta hana ni dubawa, su kuma ba su faɗa ba. Har yau abin yana cina.

Nas_Ta_Dare
Allah ya jiƙansa, Gwaggo, ya sa ya huta. Ba laifinki ba ne, aikinsu ne su duba su kuma faɗa miki.

Tunda Gwaggo ta taɓo gyambon kwanciya, bari in ƙara. Mataki huɗu gare shi. Na farko fata ba ta fashe ba, launi ne kawai ya canza, kuma in ka danna da yatsa ba ya washewa. Na biyu ta saɓule ko ta yi ƙurji mai ruwa. Na uku ya ci har kitsen da ke ƙarƙashin fata. Na huɗu ana ganin tsoka ko ƙashi. Matsalar ita ce yawancin hotunan da ake koyarwa da su na farar fata ne, ana cewa a nemi ja. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba. Wurin zai fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi ɗumi ko tauri in kin taɓa. Ma'aikacin da bai san wannan ba zai wuce mataki na farko bai gani ba.

Abin da aka saba shi ne a juya wanda ba ya iya juya kansa duk bayan awa biyu, ko kusa da haka gwargwadon irin katifar, dare da rana. Gida mai tsari yana da takardar juyi a gefen gado, ana sa lokaci da hannu. Kuma suna auna hatsarin tun ranar shiga, da yawa da ma'aunin Braden, wanda makinsa ke tsakanin 6 da 23. Shi ƙasa ne sharri: 18 zuwa ƙasa, mutum yana cikin hatsari.

Kawu_Mai_Gardama
Sista, da girmamawa, takardar juyin nan ni ba ta burge ni. Na taɓa ganin wadda aka cike ta har ƙarfe shida na yamma alhali ƙarfe biyu ake ciki. Biro ba ya gajiya.

Nas_Ta_Dare
Kawu, ba ka yi ƙarya ba, ni ma na gani, na kuma yi faɗa a kai. Shi ya sa ake haɗa takarda da ido. In takarda ta ce yana kan dama ƙarfe huɗu, ke kuma kin shigo huɗu da kwata kin same shi rigingine kamar yadda kika bar shi da azahar, kin san irin gidan da kike ciki. Takardar ƙarya ma shaida ce.

Malam_Lissafi
Duk abin da aka faɗa yana da kyau, amma ziyarar minti ashirin ba ta isa a auna gida. Mutum yana iya dacewa da rana mai kyau ko mummuna. In a ƙasar da kuke akwai hukumar da ke duba irin waɗannan gidaje, ki nemi rahotonta. A Amurka tun Disamban 2008 hukumar CMS ke ba gidajen jinya taurari daga ɗaya zuwa biyar, bisa abu uku: sakamakon binciken masu duba-gari, yawan ma'aikata, da alƙaluman lafiyar mazauna. A Ingila hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, tana ba da daraja huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda bai isa ba, kuma tana wallafa rahoton a intanet kowa ya karanta. Ko inda babu irin wannan, aƙalla ki tambayi lasisin gidan da ranar da aka zo dubawa ta ƙarshe.

Akwai wani likita, Avedis Donabedian, da ya raba auna ingancin jinya gida uku a 1966: abin da wurin ke da shi, abin da ake yi, da abin da ya fito daga ƙarshe. Yayanki na farkon kawai ya kalla, wato gini da kaya. Su Sista suna maganar na biyu. Na ukun kuwa sai da alƙaluma: mutum nawa suka faɗi, nawa suka yi gyambo, nawa aka mayar asibiti, nawa suka koma gida da ƙafarsu.

Bakon_Zaure
Malam, ni a Amurka nake aiki a irin gidan nan, mataimakin jinya. Taurarin suna da amfani, amma kada a ɗauke su kamar wahayi. Wani ɓangare na alƙaluman gidan ne da kansa ke aikawa. A da ma har yawan ma'aikata su ke faɗa da bakinsu, sai daga baya aka koma amfani da bayanan biyan albashi, shi ne aka ga bambanci. A 2022 aka ƙara da duba ma'aikatan ƙarshen mako da yawan masu barin aiki, wanda ya nuna maka maganar Asabar da Lahadi da Sista ta yi ba zato ba ne. Ni in zan duba rahoto, ba na tsayawa kan jimillar taurari. Ɓangaren masu duba-gari nake buɗewa in karanta abin da suka rubuta da hannunsu, musamman in laifi ɗaya ya maimaitu shekara biyu a jere.

Malam_Lissafi
Na karɓi gyara. Amma alƙaluma masu rauni sun fi babu.

Dan_Fisiyo
Malam_Lissafi, a nan zan ɗan ja da kai. Alƙaluman faɗuwa ma suna yaudara. In gida ya ce mini ba wanda ya faɗi a wajensu shekara guda, tambayata ita ce: to ana tayar da su kuwa? Hanya mafi sauƙi ta hana faɗuwa ita ce a bar kowa a gado. Wanda ake koya wa tafiya wata rana zai yi tangal-tangal. Abin da nake son ji shi ne me suke yi bayan an faɗi: an kira dangi? An duba dalili, ko magani ne, ko takalmi, ko duhu, ko jiri in ya miƙe? An canza wani abu? Haka kuma gidan da ke karɓar masu jiki da nauyi dole lambobinsa su fi muni a kan gidan da ke zaɓar masu ɗan ƙarfi.

Sadauki_09
Ni fa ban gane ba. Uba guda, 'ya'ya suna nan da ransu, a ce sai an kai shi wani gida baƙi su riƙa juya shi? Ku ɗauko shi ku yi jinyarsa da kanku mana.

Uwar_Biyu
Sadauki, ka karanta tambayar da kyau kuwa? Likitoci ne suka ce a kai shi gashi na wata biyu ko uku. Ka taɓa ɗaga babban mutum da ɓarinsa ya mutu daga gado zuwa kujera, sau shida a rana? Ka san yadda ake ba wanda ke ƙwarewa ruwa? Baiwar Allah ta zo neman shawara, kada ka ƙara mata nauyi a zuciya.

Sadauki_09
Ban yi nufin ɓata mata rai ba, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Amma dai ina nan kan ra'ayina, ba mai kula da naka kamar kai.

Gwaggo_Shiru
Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Shi ya sa ko an kai shi, ba a sallama shi. Wanda danginsa ke zuwa kullum, a lokuta daban-daban, ba a yi masa sakaci kamar wanda ba mai leƙo shi. Wannan na gani da idona, gado da gado.

Mai_Harhada_Magani
A dawo kan tambayar Auta. Ba wanda ya yi maganar magani, kuma nan ne ake ɓarna a ɓoye. In kin je da rana, ki kalli mazauna. In kika ga rabinsu a keken marasa lafiya, kai a langaɓe, baki a buɗe, ana ta barci ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ki tambayi kanki ko gajiya ce ko magani. Akwai gidajen da in tsoho ya cika kira ko yawo da dare, sai a nemo masa maganin da zai kwantar da shi, don ma'aikaci ɗaya ba zai iya da mutum ashirin ba. Magungunan taɓin hankali da ake ba masu ciwon mantuwa don a samu shiru, hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta sa musu gargaɗi mafi tsanani tun 2005, ta faɗaɗa shi a 2008, saboda suna ƙara hatsarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwon. Ban ce ba a taɓa buƙatarsu ba. Amma dole a samu dalili a rubuce, likita ya gani, dangi su sani, a kuma sa ranar sake dubawa.

Ki riƙe jerin magungunan da aka sallamo Baba da su daga asibiti, ki ɗauki hotonsa a wayarki. Duk sati ki ce a nuna miki takardar maganinsa ki gwada. In wani sabo ya shigo, ki tambaya wa ya rubuta, don me. In wani ya ɓace, musamman na hawan jini ko na hana jini daskarewa, ki tambaya a ranar, kada ki bari sai gobe.

Kuma in kika zo wata rana kika same shi ya rikice farat ɗaya, bai san inda yake ba, kada ki yarda da "ai tsufa ne". Tsufa ba ya zuwa a dare ɗaya. Yawanci ciwon sanyin fitsari ne, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko nimoniya, ko sabon magani, wani lokaci ma rashin yin bayan gida na kwanaki.

Bakon_Zaure
Ƙari kan wannan: ɗaure mutum a gado ko a kujera da sunan kada ya faɗi. A nan Amurka tun dokar gyaran gidajen jinya ta 1987 aka hana yin haka don horo ko don sauƙaƙa wa ma'aikata aiki. Wanda aka ɗaure tsokarsa ke narkewa, hankalinsa ya tashi, ya yi ta kokawa da ɗaurin har ya ji ciwo. Ko ƙarfen gefen gado ba kowa ya dace da shi ba, mai ruɗewa yakan haura ta sama ya faɗo daga inda ya fi tsawo.

Nas_Ta_Dare
Na koma na sake karanta saƙonki na farko, Auta, na ga duk mun tsallake abu mafi hatsari. Kin ce yana ƙwarewa in ya sha ruwa. Wannan ya fi gyambo gaggawa. Bayan shanyewar ɓarin jiki haɗiya takan lalace, ruwa ko abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ya zama nimoniya. Wani ma ba ya tari, shiru abin ke wucewa, sai dai ki ji muryarsa ta yi kamar mai kurkure bayan ya sha, ko zazzaɓi ya taso.

Don haka lokacin cin abinci za ki fi koyon komai. Ana tayar da mutum zaune sosai, ko a kishingiɗe ake ɗura masa? Mai ba shi a zaune take daidai fuskarsa, ko a tsaye tana sauri, cokali na bin cokali? Ana barinsa a zaune kamar rabin awa bayan ya gama? Ana duba kuncin da ya shanye ko abinci ya maƙale? Ana goge masa baki? Ki kuma kalli farantan da ake kwashewa. In ana ajiye wa wanda hannunsa ba ya aiki abinci a gabansa, a dawo a ɗauke yadda yake, a rubuta "ya ƙi ci", wannan yunwa ce da takarda.

Ki tambaya ko suna auna nauyi, kuma sau nawa. Ramar da ta kai kashi 5 cikin 100 a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida, ba a wuce ta sai an bincika.

Kawu_Mai_Gardama
To in aka bi duk wannan jerin, wane gida ne zai tsira? Ku faɗa mata gaskiya, duk inda ta je za ta samu aibi. Ni da zan zaɓa, tambaya ɗaya zan yi wa mai shara da mai canza zanin gado: shekararki nawa a nan? In kowa wata uku, wata biyar, to akwai abin da ke korarsu, kuma abin da ya kori ma'aikaci zai taɓa mara lafiya. In ka samu wadda ta shekara bakwai, ta san wane ne ba ya son a taɓa masa ƙafa, wane ne in ya yi shiru akwai matsala. Ba a sayen wannan da sabon fenti.

Uwar_Biyu
Yau dai Kawu ya yi magana ba gardama. A rubuta ranar.

Kawu_Mai_Gardama
Ban janye ta farko ba, Hajiya. Har yanzu ban yarda tsohon gini shaidar kirki ba ne. Akwai tsohon gini mai tsohon sakaci.

Ummu_Sultan
Ni abin da ya sa na cire kakata daga wani gida ba gyambo ba ne, ba magani ba. Shiga na yi na tarar ana canza mata ƙunzugu ƙofa a buɗe, ma'aikata biyu suna hirarsu a kanta kamar buhu suke juyawa, ba wadda ta ce mata uffan. Matar da ko ɗankwalinta ba ta yarda ya zame a gaban mutane. Daga ranar ta daina cin abinci sosai. Auta, ki saurari yadda suke kiran mutane. Da suna, ko da lambar gado? Suna ƙwanƙwasa ƙofa? Suna faɗa wa mutum abin da za su yi masa kafin su taɓa shi? Kuma robar fitsari, in ba dole ba kada ki bari a sa masa don a huta da canji, hanya ce ta shigar ƙwayoyin cuta.

Auta_Ta_Baba
Jama'a, Allah ya saka da alheri, na rasa bakin godiya. Jiya Asabar na koma duka biyun bayan magariba, ban yi waya ba, na ja Yaya muka tafi tare.

A sabon gidan sai da mai gadi ya kira wani, wanin ya kira wata, muka yi kusan rabin awa a ƙofa kafin a bar mu. A ciki tsaf yake, ba zan yi musu ƙarya ba, ba zarni ko kaɗan. Amma ma'aikata biyu na ƙirga a hawa guda mai ɗaki goma sha takwas, kuma wata ƙararrawa ta yi minti goma sha huɗu tana ƙara. Sai dai ɗakin gashinsu babba ne, kuma sun nuna mini jadawali, kwana biyar a sati, masu gashi biyu na dindindin.

A tsohon gidan kai tsaye muka shiga. Mun tarar ana ba da abincin dare, na ga wata a zaune tana ba wani tsoho a hankali, tana kiransa da sunansa. Na tambaye ta, ta ce shekararta tara a wurin. Ƙararrawa ba ta wuce minti uku. Amma mai gashi ɗaya ne, sau uku yake zuwa a sati, kuma da na ambaci Barthel sai shugabar ta ce sai ta tambaye shi.

Yanzu Yaya ya sauko, ya ce in zaɓa. Ni kuma na fi da ruɗewa.

Dan_Fisiyo
Kin ga abin da nake tsoro ke nan. Sau uku a sati ya yi kaɗan a wannan matakin. Ni da zan ba da shawara, sabon gidan, ku kuma ku raba dare a tsakaninku, wani ya riƙa kwana da shi in sun yarda. Ƙarancin hannu da dare dangi na iya toshe shi. Ƙarancin gashi ba za ku iya ba.

Gwaggo_Shiru
Ni kuwa tsohon. Gashi awa ɗaya ne ko biyu, sauran awa ashirin da biyun fa a hannun wa yake? A ɗauko mai gashi daga waje ya riƙa cike sauran kwanakin.

Malam_Lissafi
Kafin ki yanke, rahoton binciken da na ce fa? Kin samu na ko ɗaya?

Auta_Ta_Baba
Sabon ya ce ba a zo musu ba tukuna tunda suka buɗe. Tsohon sun ce in dawo Litinin shugabar za ta fito mini da shi.

Nas_Ta_Dare
To in kin koma Litinin, ki haɗa da tambayar da har yanzu ba ki kawo mana amsarta ba: a cikin gidajen biyu, wane ne zai gwada haɗiyarsa kafin a fara ba shi ruwa, kuma a rana ta nawa? Ki kuma tambayi sabon gidan ko sun yarda ɗan uwa ya kwana. In sun ce a'a, shawarar Dan_Fisiyo ba ta da inda za ta zauna.